Tsawon Saƙon da Ba Mu Auna Ba

Layi huɗu ne kawai na rubutun manhaja. Ni na rubuta su, kuma ni na cire su da hannuna bayan kwana biyu, don an ce in cire.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Tudun Wada, a saman bene, bisa shagon masu sayar da maganin feshi. Ni ɗan Ba'awa ne ta ƙasar Ƙiru. Na yi karatun kwamfuta a birni, na sha zaman jiran aiki, sai ga wannan ya samu kusa da gida. Duk Juma'a ina iya hawa mota in je in gaida mahaifiyata in dawo. Ban taɓa zaton zan taɓa irin wannan aiki ba tare da na bar ƙasarmu ba, saboda haka na riƙe shi da hannu biyu.

Ga abin da muke sayarwa. Muna da babbar kwamfuta guda ɗaya a ɗakin ciki, batiran sola ke ciyar da ita. A cikinta mukan yanka ƙananan kwamfutoci waɗanda ba su da jiki, kowace tana ganin kamar ita kaɗai ce a wurin, mu ba da hayarsu. A sana'armu babbar ana ce mata mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Wani ɗakin shan magani mai zaman kansa a Doguwa yana da baƙo ɗaya, nan suke ajiye bayanan marasa lafiya. Ƙungiyar manoman masara a Bebeji tana da ɗaya. Wata makarantar al'umma a Riruwai tana da ɗaya. Akwai wasu kuma. Kowa yana shiga nasa daga inda yake, ta eriyar da muka ɗaura masa.

Abin da ke raba baƙin nan, ya hana wannan leƙa ɗakin wancan, shi ake kira kanel. Shi ne ainihin cikin manhajar mai masauki, kuma duk abin da ke zaune a cikinsa yana iya taɓa komai da ke cikin na'urar. Shi ya sa darasin farko da ake koya wa mai rubutu a wurin shi ne: duk abin da baƙo ya miƙo, kada ka yarda da shi sai ka auna da kanka. Ba don baƙon mugu ne ba. Don ba ka san abin da ya same shi ba ne kafin ya miƙo.

Muna kuma da akwati ɗaya mai layukan waya a ciki, wanda ke tura saƙon tes. Duk baƙin suna son amfani da shi. Ɗakin shan magani yana tuna wa mutane ranar dawowa, manoma suna sanar da isowar taki, makaranta tana kiran iyaye taro. Akwatin ɗaya ne, don haka maigidan kamfanin ya rubuta wani ɓangare a cikin kanel wanda ke nuna wa kowane baƙo kamar yana da akwatinsa na kansa. Baƙo zai miƙo abu biyu: rubutun saƙon, da lamba mai faɗin tsawonsa. Mai masauki zai kwashe rubutun ya zuba a wani gurbi nasa, mu muna ce masa faranti, sannan ya ɗebi iya tsawon da lambar ta faɗa ya ba akwatin ya tura.

A watana na biyu na zauna na karanta wannan ɓangaren tun daga sama har ƙasa. Na ga abu biyu. Babu inda ake gwada lambar da ainihin rubutun da aka miƙo. Kuma farantin ɗaya ne ga kowa, ba a share shi bayan an tura saƙo. Ma'ana, in baƙo ya miƙo harafi hamsin ya ce ɗari ne, za a tura hamsin ɗinsa, a cika sauran da abin da wani ya bari a farantin.

Na rubuta layi huɗun nan. In lambar ba ta yi daidai da rubutun ba, a ƙi saƙon. Bayan kowane saƙo, a share farantin. Na gwada, na ɗora, na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Washegari wayar ofis ba ta huta ba. Manhajar da ke cikin baƙon manoman Bebeji tsohuwa ce, kullum takan ƙara ɗaya a kan tsawon saƙo. Da can ba wanda ya lura. Yanzu da aka fara aunawa, duk saƙonninsu aka ƙi, kuma a makon ne motar takin noman rani ta iso. Shugaban ƙungiyar ya kira maigidanmu kai tsaye, ya yi masa faɗa.

Maigidan namu a birni yake zaune, sau biyu a mako yake zuwa. Ba zan ce bai san aiki ba. Ya fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma shi ya hau duwatsun da babu wanda ya yarda ya hau ya kafa eriya. Na faɗi wannan ne don kada a ce na rage masa. Ya shigo ran Laraba, ko zama bai yi ba.

"Wa ya ce ka taɓa kanel?"

"Oga, akwai ɓaraka a wurin. In ka ba ni kwana ɗaya zan gyara ta Bebeji, sai a bar awon yadda yake."

"Kwana ɗayan nawa ne? Ka san mutum nawa ke jiran saƙon taki? Mayar da shi yadda ka same shi."

Na jawo kujera na nuna masa a allo. Na ce ya duba, duk wanda ya ba da lambar da ta wuce rubutunsa zai kwashi ragowar saƙon wani. Ya duba. Ya gane, na ga ya gane, ai shi ya rubuta. Sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Injiniya, a ina kake zaton kake? Wa zai kai wa kanel hari daga Doguwa? Mutanen da in linzamin kwamfuta ya ƙi motsi sai sun kira mu? Ka bar wannan tsoron ga masu bankuna. Mutanen nan ba su kai nan ba."

Mutanen nan. Ina tsaye a gabansa, ɗan Ba'awa, wanda mahaifinsa ya mutu bai taɓa riƙe linzami ba, ni na gano abin da shi bai gani ba, kuma yana gaya mini mutanen nan ba su kai nan ba. Na tuna shekarun da na yi ina yawo da takardu a cikin leda. Na zauna na cire layukan, yana tsaye a bayana yana kallo. Na ce ko sharar farantin a bari. Ya ce a cire duka, ba ya son wani sabon abu ya sake ɓullo masa a makon taki, in an samu sarari za a duba.

Ba a samu sarari ba. Ni ma ban sake tayar da maganar ba, wannan kuma laifina ne, ba na wani ba.

Bayan kusan wata bakwai, cikin damina, masara ta kai ƙirji, ina ofis da hantsi ina cin gyaɗa sai na ji ana sallama a matakala. Wani dattijo ne, zai yi shekara hamsin da wani abu, da rigar ruwa a naɗe a hammata, ƙafar wandonsa duk jar laka. Ya ce shi ne malamin lissafi na makarantar Riruwai, shi ke kula da baƙon da suke haya. Na san muryarsa a waya, ban taɓa ganinsa ba. Muka gaisa, na tambaye shi hanya, na tambaye shi ruwa, ya ce dajin Falgore ya cika ya tumbatsa. Na ba shi kujera. Bai taɓa ruwan da na kawo masa ba.

"Malam, na yi ɓarna," in ji shi. "Ban san irinta ba, shi ya sa na taho da kaina. Ba maganar waya ba ce."

Ya ba ni labari. Yana tura wa iyayen yara saƙo da Hausa, kuma shi mutum ne da ba ya iya rubuta ƙofa da harafin ka mara ƙugiya, ko ɗaki da harafin da mara ƙugiya. Sai ya lura duk saƙon da ke da haruffa masu ƙugiya yana isa a gutsure, ƙarshensa ya ɓace. Ya kira mu sau biyu, aka ce masa ya daina sa ƙugiyar. Bai yarda ba. Ya yi makonni yana karanta manhajar da ke cikin baƙonsa, shi kaɗai, da wani tsohon littafi da abin da ya samo a waya, har ya gano dalili: harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci, manhajar kuma ɗaya take ƙirga masa. Sai ya yi gyaran da ya ga ya fi sauƙi. Ya ninka lambar tsawon sau biyu, don kowane harafi ya samu wuri.

Kafin ya ƙarasa na riga na san sauran.

Ya ce ya gwada da wayarsa, saƙon ya iso cikakke, da 'yan tarkace a ƙarshe waɗanda bai ba su muhimmanci ba. Sai ya tura wa iyayen aji ɗaya sanarwar taro. Ya miƙo mini wayarsa, don yakan sa lambarsa a cikin jerin.

A sama ga sanarwarsa, gajeriya, da ƙugiyoyinta tsaf. Daga inda ta ƙare, ba ko tazara, sai wani rubutu ya ci gaba daga tsakiyar kalma. Wutsiyar saƙon ɗakin shan magani na Doguwa ce. Su sukan fara da doguwar gaisuwa, su ajiye abin da ya kawo su a ƙarshe. Abin da ya rage a farantin shi ne: a zo ranar Talata a karɓi maganin tarin fuka na wata na uku, kada a tsallake. Sai cikakken sunan mutum, da unguwarsa.

"Ka san shi?" na tambaya.

"Kowa ya san shi. Mai shayin bakin tasharmu ne. Shekara ashirin yana wurin."

"Iyaye nawa suka samu?"

"Duk ajin. Tun shekaranjiya. Jiya na wuce ta teburinsa, benci biyu babu kowa."

Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya zo ne a gaya masa abin da ya taɓa, in hukunci ne ya ɗauka. Na ce masa, "Malam, ba kai ka yi ɓarnar nan ba. Kai lamba ka ba mu. Mu ne ya kamata mu duba ta." Bai gane ba sai da na zana masa a takarda. Da ya gane sai ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "To ai ko ɗalibina in ya kawo mini amsa sai na duba aikinsa."

Na kashe akwatin saƙon gaba ɗaya, na kira maigida. Ya iso bayan azahar. Na zaci zai firgita. Ya firgita ɗin, amma ba a kan abin da na zata ba. Ya sa malamin ya jira a waje, ya rufe ƙofa, ya ce in buɗe sabuwar takarda in rubuta rahoto. Ya fara yi mini shifta: cewa wani mai haya ya yi kutse, ya sauya manhaja ba da izini ba, ya saci bayanan wani mai haya. Ya ce za a kai kwafi ga hukumar makarantar, in ta kama har ga 'yan sanda. Ɗakin shan magani kuma ba sai an gaya musu komai ba tukuna.

Na ɗauke hannuna daga kan allon rubutu.

"Oga, baƙonsa ne. Hayarsa suke yi. A takardar da muka ba su an rubuta suna iya sa abin da suka ga dama a ciki."

"Ba a rubuta su fasa mana kanel ba."

"Bai fasa komai ba. Ƙofar a buɗe take, kuma mun san a buɗe take. Na nuna maka a kan wannan kujerar."

"Ka yi hankali da bakinka."

Ban yi hankali da shi ba. Abin da na haɗiye wata bakwai ya fito duka, da abin da bai kamata ya fito ba. Na ce masa ranar da na nemi a auna, ya ce mutanen nan ba su da kan da za su kai wurin. Yau ɗaya daga cikinsu ya kai, shi kaɗai, a garin da wuta ba ta zama, don kawai yana son a rubuta harshensa daidai, sai kuma ya zama ɓarawo. Jiya sun yi jahilcin da ba sai an kare su ba, yau sun yi wayon da za a ɗaure su. Na ce ya zaɓi ɗaya. Na ce da bayanan 'yan unguwarsa ta birni ne a cikin farantin nan, da ba a kwana ba a share shi ba. Na ce mutumin da ke waje ya hau mota tun asuba ya ratsa daji ya kawo mana kansa, alhali da ya yi shiru babu yadda za a yi mu sani.

Muryata ta kai har shagon ƙasa. Daga baya mai shagon ya ce mini ya zaci dambe ake yi.

Fuskar maigida ta ɗaure. Sannan ya ce, a hankali, "Ka san in maganar nan ta fita kamfanin nan ya mutu? Ka san mutum nawa ke ci a nan?" Wannan tambayar gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni haushi, don ya ajiye ta ne a inda ya san za ta danne ni. Na ce ba zan rubuta rahoton ba. In ya rubuta da kansa, ni kuma zan ba duk wanda ya tambaye ni tarihin gyaran, da ranar da aka sa awon, da ranar da aka cire, da sunan wanda ya ce a cire. Manhajar da muke ajiye rubutu a ciki ba ta mantuwa, shi ma ya sani.

Bai rubuta ba. Ya fita ya wuce malamin a matakala ko kallonsa bai yi ba.

Kwana uku na yi a kan gyaran, kuma wannan karon ban tsaya a layi huɗu ba. Na sa mai masauki ya daina karɓar lambar baƙo a matsayin gaskiya: ya ƙirga abin da ya iso hannunsa da kansa, in lambar ta saɓa ya mayar da saƙon da bayanin dalili. Na sa iyaka ta sama da ta ƙasa. Na ba kowane baƙo farantinsa, ana share shi kafin a zuba da bayan an kwashe. Ina cikin haka na ci karo da wata ɓarakar da ko a karon farko ban gani ba. A wani wuri ana karanta lambar sau biyu daga ɗakin baƙo, sau ɗaya don a duba ta, sau ɗaya don a yi aiki da ita. Tsakanin karatun biyu baƙo na iya canza ta. Ko da layukana huɗu sun zauna, mai niyya zai iya bi ta nan. Wannan ya rage mini girman kai ƙwarai. Na gyara: a kwafo lambar sau ɗaya zuwa hannun mai masauki, a duba kwafin, a yi aiki da kwafin, kada a sake waiwayar na baƙo. Manhajar Bebeji da aka ce ba lokacin gyara ta, awa biyu ta ɗauke ni. Na kuma gyara ƙirgar haruffa masu ƙugiya, abin da malamin ya roƙe mu tun farko.

Ran Asabar na shiga motar Doguwa ban gaya wa maigida ba. Shugabar ɗakin shan maganin wata ma'aikaciyar jinya ce mai kusan shekarun yayata. Na same ta tana auna wata Bafulatana da jaririnta, na jira ta gama. Na gaya mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba, sannan ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Ka san wahalar da na sha kafin mutumin nan ya yarda a gwada shi? Wata biyu ina lallashi. Abin da ya sa ya yarda shi ne na ce masa daga ni sai shi sai Allah. Ran Talata bai zo karɓar magani ba. Yanzu na san dalili."

Ta ce maganin nan in aka katse shi a tsakiya ciwon yakan dawo da taurin kai. Ta ce kuma abin takaicin, mutumin da ya kai wata na uku yana shan magani yadda ya kamata, ba shi ne abin gudu ba, masu tarin da ba su zo an gwada su ba su ne. Ta ɗauko maganin ta sa a leda ta ce tunda Riruwai za ni, in biya da ma'aikacinsu da ke can mu kai masa. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Hanyar Riruwai a damina sai a hankali. Na isa bayan la'asar, duwatsun sun yi kore shar, tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa. Malamin lissafi ya tare ni a tasha, muka biya wa ma'aikacin lafiyar. Teburin shayin yana nan, an kifa kofuna, an ɗaure buhu a kan tukunya. Muka same shi a zaurensa yana gyaran wata fitila. Siririn mutum ne, mai furfura a gemu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, don bai san ko ni wane ne ba.

Na ce, "Baba, ni ne ma'aikacin kamfanin da saƙon nan ya fita ta hannunsa. Ba asibiti ne suka tona maka asiri ba, ba kuma malam ba ne. Mu ne. Akwai abin da ya kamata mu duba, muka ƙi dubawa. Na zo in gaya maka da bakina, in kuma ba ka haƙuri."

Ya ajiye fitilar.

"Kun ƙi dubawa, ko kun manta?"

Na so in ce mun manta. Malamin yana gefena, ya san gaskiya. Na ce, "Mun sani, Baba. Muka bari."

"Saboda me?"

Ban iya maimaita masa abin da maigidana ya faɗa ba. Na ce mun zaci ba abin da zai faru. Ya gyaɗa kai. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya san shekara ashirin yana wanke kofi da ruwan zafi ko ana kallonsa ko ba a kallonsa. Ya ce tun da aka gaya masa ciwon ya ware kofinsa, ya sa ƙanensa a kan tukunya makonnin farko kamar yadda aka umarce shi, bai cuci kowa ba. Yanzu mutanen da suka girma a kan bencinsa suna tsallaka titi in sun hango shi. Surukinsa ya aiko a mayar masa da jikoki. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ma'aikacin lafiyar ya miƙa masa ledar, ya karɓa ya ajiye a gefe. Da za mu tashi ya ce, "Haƙurin na ji. Amma ba shi zai zaunar da mutane a benci ba." Sannan ya tambaye ni ko akwai wasu da abin ya shafa ban da shi.

Na ce masa ban sani ba. A mota ina dawowa na yi ta juya tambayar. Ba mu taɓa ajiye rajistar lambobin da baƙi ke miƙowa ba, balle abin da ya fita. Wata bakwai da na sani, da shekarun da suka gabace ni, kowane saƙo da lambarsa ta zarce ya tafi da guntun maganar wani. Wataƙila harafi ɗaya, wataƙila layi. Da na gaya wa maigida haka ran Litinin, ya ce tunda babu shaida, babu abin da ya faru. A kan wannan maganar na ajiye masa makullin ofis. Ya riga ya ji na je Doguwa, don haka bai riƙe ni ba.

Ɗakin shan maganin ya janye daga kamfanin a ƙarshen watan, suka koma katin takarda da kiran waya. Makarantar Riruwai kuma kamfanin ne ya ƙi sabunta musu haya, ba tare da ya faɗi dalili ba. Yara suka rasa darasin kwamfuta na shekara guda, hukumar makarantar ta ɗora wa malamin laifi, aka karɓe masa makullin ɗakin kwamfutar. Shugabar ɗakin shan maganin ta je Riruwai da kanta, ta sa limamin unguwa ya yi wa mutane bayani bayan sallar Juma'a. Ya ɗan taimaka. Mai shayin ya koma shan magani, ya kammala, ya warke. Amma kafin nan wani ya riga ya kafa tebur a ɗaya gefen tashar, mutane sun saba da can. Da na koma bara na tarar ƙanensa ne a wurin da benci ɗaya, shi kuma ya koma noman 'yar gonarsa a bayan dutse.

Kamfanin yana nan, ya ma ƙara girma. Gyaran da na yi yana cikin kanel ɗinsu, na ji kuma maigidan yakan ambace shi in yana neman sabbin masu haya, ya ce su ba sa wasa da sirrin mutane.

Ni yanzu daga Ba'awa nake aiki, a ɗakin da na gina a bayan na mahaifiyata, ina duba rubutun manhajar wasu mutane da ban taɓa gani ba. An san ni da tsanani. Wani ya taɓa rubuto mini cewa ina ɓata musu lokaci a kan abin da ba zai taɓa faruwa ba. Na ƙi sa hannu, aka kai ƙarata, aka ba wani ya sa. Malamin lissafi yakan turo mini abin da ya rubuta in duba masa. Ya sayi tsohuwar kwamfuta, yana koyon rubutun kanel da gaske, yana kuma yawan yin kuskure a wurin sakin ma'adana, wato gurbin da manhaja ke ara a cikin na'ura, bayan ya gama da ita. Na gaya masa sau uku. Makon jiya ya turo na huɗu, da kuskuren a wani sabon wuri.